Hutu a Accra da kyamarar 4x5: yadda Yayana ya ɗauki Jamestown da abun da ya ceci aikin

Wannan bayani ne akan aiki guda ɗaya, na yayana ɗan wan babanmu da yake zaune a Jamus. Ya zo hutun Disamba gida Nima, unguwarmu a Accra, da irin babbar kyamarar nan ta katako mai cin fim falle-falle, wadda mai hoto yake lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle kafin ya ɗauka. Ni ne ɗan rakiya kuma mai riƙe jaka, don haka komai a idona aka yi. Dalilin da yasa na zauna na rubuta shi ne samarin mu na Zongo da yawa sun fara sha'awar hoton fim, wasu har suna tambaya ko mutum zai iya tafiya hutu da irin wannan kaya ya dawo da abun kirki. Zai iya, amma ba yadda Yaya ya tsara da farko ba.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, bari in faɗi yadda take. Fim ɗinta ba naɗi bane kamar na ƙananan kyamarori, falle ne guda-guda, inci 4 da inci 5, kusan faɗin tafin hannun babban mutum da yatsunsa. A gaba akwai lens, a baya akwai gilashi mai hazo-hazo inda hoton yake fitowa, tsakaninsu kuma zugazugi kamar na maƙera, yana miƙewa yana tanƙwashewa, da shi ake saita kaifin hoto. Hoton da zaka gani a gilashin a juye yake, sama a ƙasa, dama a hagu. Fim ɗin ana zura shi cikin wani kaset mai fuska biyu, falle ɗaya a kowace fuska, da marfi da ake zarewa bayan an sa kaset ɗin a bayan kyamara, kuma wannan lodin sai a cikin duhu ƙirin ake yinsa, da lalube. Akwai 'yan tsaguwa a gefen kowane falle, idan ka riƙe shi a tsaye tsaguwar tana sama ta hannun dama toh fuskar da ke ɗaukar haske tana kallonka kenan. Ba batir, ba allo, ba wani duba-ka-goge.

Abun da ya zo da shi: kyamarar mai naɗewa, lens biyu (90mm mai faɗi don gine-gine da 150mm wanda shi ne daidai ganin ido a wannan girman), ƙafa-uku, mitar auna haske, gilashin ƙara girma, kaset shida wato hoto goma sha biyu a fita ɗaya, baƙar jakar lodi, da kwalin Ilford HP5 Plus mai falle 25 guda biyu, fim baƙi da fari, ISO 400 wato mai saurin kama haske. Sai wani ɗan tanki na wanki mai cin falle huɗu da garin magani ID-11 mai fito da hoton da fiksa mai tsayar da shi. Wannan tankin matarsa har ta ce ya bar shi, ai nauyi ne kawai, idan sun koma ya wanke a can cikin natsuwa. Shi kuma dalilinsa na ɗaukowa a lokacin filin jirgi ne kawai. Injinan duba kaya na zamani masu aiki da CT da ake ta sakawa a filayen jirgin Turai suna lalata fim ɗin da ba a wanke ba ko da wucewa ɗaya ne, Kodak da Ilford duk sun yi gargaɗi akai, na jakar da ake lodawa cikin jirgi kuma dama tuntuni an san ba a sa fim a ciki. Da zai taho ya roƙa an duba masa da hannu, kwalayen a rufe da tambarinsu an kuma yarda, amma yace ba shi da tabbas za a yarda a komawa tunda kwalin an riga an buɗe, kuma ba dama ka buɗe wa jami'i ya leƙa. Fim da aka wanke kuwa ko sau nawa ya bi ta inji ba abun da zai same shi.

Tsarinsa na farko, gaskiya tun da ya karanto mun nasan ba zai yiwu ba. Jamestown, Elmina, Cape Coast, sannan a hau mota a je Kumasi a ɗauki fadar Manhyia da kasuwar Kejetia, duk a cikin hutun da akwai bikin ƙanwarsa a ciki, ga gaisuwar rasuwa guda nawa da suka taru tun zuwansa na baya, ga dangi a Mamobi da Madina da Ashaiman da kowa yake jiran boga, wato wanda ya dawo daga Turai, ya taka ƙofarsa, in bai je ba a yi fushi kuma suna da gaskiya. Nace masa Yaya mu fara da na kusa mu ga yadda kayan naka zasu yi da garin. Yace toh.

Jamestown ba ƙaramin waje bane ga mai son tarihi. Nan da Ussher Town su ne tsohon Accra na mutanen Ga, tun kafin Turawan Ingila su maido da hedikwatarsu daga Cape Coast a 1877. Ussher Fort mutanen Holan ne suka gina shi a 1649, James Fort na Ingila a 1673, duka biyun daga baya sun zama gidan yari, a James Fort ne Kwame Nkrumah yake tsare lokacin da ya ci zaɓen 1951 aka sake shi. Ga hasumiyar jiragen ruwa mai zanen ja da fari, ta yanzun ginin shekarun 1930 ce da ta maye gurbin ta 1871, tsayinta mita 28. Kuma unguwar hoto ce tun asali, ɗakin hoto na Deo Gratias da J.K. Bruce-Vanderpuije ya buɗe a 1922 a nan yake, mai hoto James Barnor ma a nan ya yi ɗakin hotonsa na Ever Young a shekarun 1950. Wato manyan kyamarori ba baƙi bane a waɗannan lungunan, mu ne dai muka taso bamu gansu ba.

Fitar farko bamu bar gida ba sai wajen ƙarfe goma saboda baƙi, ga go-slow, muka isa rana ta take. Ya fito da lens daga jakar da ta sha sanyin mota sai ga shi ya yi raɓa, dole aka jira ya bushe da kansa don gogewa ba ta hana shi dawowa. Ya kafa ƙafa-uku a tsallaken titi yana fuskantar hasumiyar, ya shiga ƙarƙashin ƙyallen. Wannan wajen sai wanda ya gani. Lens ɗin 90mm ɗin nasa f/8 ne (lambar girman ƙofar haske kenan, in lambar ta ƙaru ƙofar ƙanƙancewa take), dama hotonsa a gilashi duhu-duhu ne musamman gefe-gefe, ga numfashinsa yana sa gilashin suraci, ga zufa tana bin girarsa tana ɗiga akan gilashin ƙara girman, ya fito ya share fuska da hannun riga ya koma, iskar teku kuma tana ɗaga ƙyallen ta baya ni ina riƙewa. Yara sun zagaye mu, wani ƙarami ya zo ya dafa ƙafa ɗaya ta ƙafa-ukun don ya leƙa, shi kenan saitin ya goce sai an sake daga farko.

Amma a nan ne na gane amfanin kyamarar. Idan ka ɗaga waya sama don ka kamo kan dogon gini, ginin sai ya tsuke ta sama ya kwanta baya. Ita wannan ba a ɗaga ta. Ana daidaita ta da ɗan ma'aunin ruwa bayanta ya tsaya ƙyam, sai a zame allon lens ɗin shi kaɗai zuwa sama. Lissafin da ya yi mun a bayan kwali: fallen a tsaye wajen milimita 120 ne, rabi 60, da lens na 90 kenan in ba ka zame komai ba sai ka ja baya kusan mita 40 kafin kan hasumiyar ya shigo, kuma rabin hoton na ƙasa duk kwalta ce. In ka zame sama da milimita 25 kuwa mita 28 ta ishe ka, kwaltar ta ragu, ginin yana tsaye a miƙe. Da'irar hoton da lens ɗin ke jefawa ta fi fallen girma sosai shi yasa ake da wannan sararin. Wani abun kuma, ya zo da jan filta don sararin sama ya yi duhu, sai ya tuna jan filta yana haskaka duk abun da yake ja, zanen hasumiyar zai dushe ya kusa zama ɗaya da farin. Ga shi hazon hunturu ya riga ya maida saman fari fat babu shuɗin da filta zai duhunta. Rawaya kawai ya sa, ya ƙara mataki ɗaya na haske.

Falle huɗu ya ɗauka ranar muka dawo a gajiye. Niyyarsa ya tara duka sai dab da tafiya ya wanke gaba ɗaya. Bayan isha'i muna shan shayi yace bari dai ya gwada tankin ya ga ko yana yoyo, kuma a ganina duk aikin a wannan daren ya juya.

Wanki a Accra matsalarsa ruwa. Lokutan da kamfani ya rubuta na ruwa mai digiri 20 ne, HP5 a cikin ID-11 da aka raba ɗaya-da-ɗaya da ruwa minti 13. Na famfonmu da ya auna ya kusa 29. Da zafi haka maganin gudu yake, lokacin sai ya gajarce har wankin ya ƙi yin daidai, wani waje ya fi wani baƙi, kuma fuskar fim ɗin tana laushi ƙaramin abu ya karce ta. Muka sayo ƙanƙara a wajen mai sayar da kunu, aka zuba a roba, kwalaben magani duka uku suka zauna a ciki har suka sauko 20, tankin ma a cikin robar yake zama tsakanin juyi da juyi. Ruwan ɗauraya na leda ne daga firij aka sirka, saboda in ka fito da fim daga sanyi ka jefa shi a ɗumi kai tsaye fuskarsa tana iya yin yaushi. Ya shanya a banɗaki ya ja ƙofa.

Da safe ya ɗaga su a taga. Haske ya yi daidai, hasumiya a miƙe, amma biyu daga ciki da ka sa gilashin ƙara girma zaka ga gefen bulo ya ninku, iska ce ta kaɗa zugazugin a daidai lokacin da shota, wato ƙyauren da ke barin haske ya shiga, ta buɗe. Sannan duka huɗun, a wajen sararin sama, ɗigo-ɗigo ne fes kamar an huda, har da wani siririn zare a lanƙwashe. Ƙura ce da ta kwanta akan fallen tun lokacin lodi ta tare haske, a nagatif, wato fallen da aka wanke, ta fito fara, in an buga hoto baƙin ɗigo zata zama, kuma baƙin ɗigo a farin sama shi ne mafi wuyar gyara. Ya yi lodin ne akan gado, fanka tana juyawa, taga a buɗe, a watan Disamba. Hunturun Accra bai kai na Tamale ko Bawku ba amma duk wanda ya share tebur da safe ya san yadda yake komawa kafin la'asar. Ga zufar hannu a cikin baƙar jakar, falle ɗaya da shatin babban yatsa a kusurwa.

Ku duba fa, da ya bi niyyarsa ta farko da falle hamsin duk haka zasu fito, kuma sai ranar da ba sauran komawa zai sani. Wannan shi ne abun da nake so duk mai niyyar irin wannan tafiya ya riƙe, fitar farko gwaji ce, ka wanke ta a daren ko da falle biyu ne, tun kana garin.

Gyaran ba wani mai tsada bane. Lodi ya koma banɗaki da daddare, a watsa ruwa a ƙasa a jira ƙura ta kwanta, a kashe fanka, ya wanke hannu har gwiwa ya bushe, kowane kaset a kaɗe shi da burushi mai laushi da ɗan famfon iska na roba, a loda, a sa shi cikin ledarsa mai zif shi kaɗai, ba ya fita sai zai shiga kyamara. Jakar kaya ta dena kwana a ɗaki mai sanyi. Elmina da Kumasi ya soke su da kansa, yace kaset shida da hutun da rabinsa na dangi ne ba zasu ɗauki gari huɗu ba. Fita kuma ta koma bayan asuba. Rana a Accra wajen ƙarfe shida take fitowa kusan duk shekara, daga nan zuwa takwas da rabi haske a kwance yake yana fito da jikin bango, iskar teku bata taso ba tukun, titi ba cunkoso, kafin ƙarfe tara muna hanya mun tsaya mun sayi wake da shinkafa, yinin kuma ya zama na biki da gaisuwa. Na kuma zo da babbar lema ina tare masa iska ta gefe ba tare da na taɓa kyamarar ba. Hasumiyar ya sake ta a f/22 da 1/60 na sakan, yana riƙe da wayar shota yana kallon ƙyallen, sai da ya ga ya dena motsi ya danna.

Maganar mutane ita ma sai da muka gyara. Jamestown gidan mutane ne, sun gaji da baƙin da ke zuwa su ɗauke su ba sallama ba gaisuwa, kuma wallahi ban ga laifinsu ba, mu ma a Nima ba ma so. Wannan kyamara ba a ɓoye ta, minti goma sha biyar kana tsaye a ƙofar gidan wani, don haka dole ka fara da mai gidan. Wani abokin karatuna ɗan unguwar ne, shi ya riƙa shiga gaba yana gaisawa da yaren Ga yana bayani, mu sallame shi kamar yadda ya dace. Abun da ya fi komai buɗe mana hanya shi ne barin mutane su leƙa. Wata mai suyar kifi da ta fara ɗaure fuska, da ta sa kai a ƙyallen ta ga titinsu a juye sai ta ƙwala wa ƙawarta kira, ita ce daga baya take kore mana yara daga jikin ƙafa-ukun. Kwale-kwale kuma ranar Talata muka je musu, ranar da masunta ba sa shiga teku, suna jere a bakin ruwa ana gyaran koma.

A Ussher Fort, wanda yake hannun hukumar gidajen tarihi ta Ghana, sai da muka tambaya a ƙofa kafin a kafa ƙafa-uku. Ciki akwai wani lungu da haske ke shigowa ta ƙaramar taga mai ƙarfe. Mita ta ce sakan 10 a f/22. Amma fim idan lokaci ya haura sakan ɗaya ƙarfinsa raguwa yake, sai an ƙara masa, kuma ƙarin ba daidai yake tafiya ba. A lissafin Ilford na HP5 sakan 10 yana komawa kamar 20, sakan 30 kuma ya kusa minti ɗaya da rabi. Ya rubuta wannan a takarda ya manna a jikin mitar. Muka tsaya shiru sakan ashirin a wajen da aka tsare mutane shekara da shekaru, ni dai jikina ya yi sanyi, ban kuma yi magana ba har muka fito titi.

Hoton da ni nafi so ba ya cikin tsarin sam. Mun je gaida kawunsa a Sabon Zongo, unguwar da Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20, kayan suna mota don daga Jamestown muke. Tsohon yana zaure akan buzu. Yaya yace, Kawu in ka yarda in ɗauke ka hoto. Yace da wayar? Yace a'a da wata ce. Da aka kafa ta sai tsohon ya gyara zama yace ai ya san irinta, masu hoton fasfo na bakin titi da irin akwatin nan suke yi lokacin yana saurayi, a ɗauka ka tsaya ka karɓa. Ya aika aka ɗauko masa babbar riga da hula. Wahalar hoton mutum da wannan kyamara ita ce bayan ka saita kaifi akan ido sai ka rufe lens, ka saita haske, ka ɗana shota, ka zura kaset, ka zare marfi, duk wannan lokacin baka ganin komai a gilashi, in mutumin ya matsa ko da kaurin yatsa biyu ne idon ya fita daga kaifi. Yaya yace, Kawu don Allah kar ka motsa har sai nace. Yace, ɗana yi aikinka. Bai motsa ba. Hasken ƙofar zaure kaɗai aka yi amfani da shi, f/11 da 1/15 na sakan. A nagatif ɗin ana ƙirga zaren aikin wuyan rigar, ana ganin ƙwayoyin carbin da suka sha hannu sun fi sauran sheƙi.

Ba komai ne ya gyaru ba. Akwai falle ɗaya da ya fito baƙi ƙirin saboda ya zare marfi lens ɗin yana buɗe tun daga saiti, wani kuma an ɗauki hoto biyu akansa don bai juya marfin ta baƙin gefe ba, alamar da ake gane wanda aka riga aka ɗauka. Duka biyun a ranar da ake ta kiransa a waya ana jiransa wajen ɗaurin aure suka faru. Ƙurar ma raguwa tayi sosai bata ƙare ba. Kwali ɗaya da 'yan kai ya ci a hutun gaba ɗaya, waɗanda shi da kansa ya yarda sun isa a buga su da girma basu kai rabi ba, kuma bai damu ba.

In an tambaye ni, lens ɗin 150mm ya fi yin aiki fiye da yadda ya zata, 90mm ɗin hasumiya da cikin Ussher Fort kawai ya yi wa amfani. Kaset shida sun yi yawa ga safiya ɗaya, bai taɓa cinye su ba. Tankin nan da aka so a bari a Jamus shi da ma'aunin zafi da ƙanƙarar sidi kaɗan su suka fi komai amfani. Ragowar fim ɗin da bai taɓa ba ya ƙi komawa da shi ta filin jirgi, ya nannaɗe kwalin a leda biyu ya sa a firij ɗinmu, ya ce duk ranar da za a fito da shi a bar shi a ledarsa awa biyu zuwa uku ya huce kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa zata kwanta akan fallayen su manne da juna.